Ƙoƙon Jirgin Hayin Gawo

Anguwan Rogo,
Jos.

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga mahaifiyarki, tare da addu'ar Allah ya tsare min ke a kan kwalta, ya tsare ki a kan ruwa, ya sauke ki lafiya cikin mutanen da za su riƙe ki da mutunci. Amin.

Na ce ki buɗe takardar nan da zarar motarku ta bar Jos, kada ki bari sai kin sauka. Ina fata kin ji magana. Ki kashe wayar nan ki jefa a jaka, ki karanta har ƙarshe, domin akwai abin da za ki yi yau ɗin nan a bakin kogi, kuma idan ya wuce ki ban san ko za a sake samun dama ba. Da baki na so in gaya miki, amma kin san halina. Ina fara magana take juyewa faɗa, ke kuma ki sunkuyar da kai kina "to Mama, to Mama" alhali ba ki ji komai ba.

Ranar da kika shigo gida da murnarki kina cewa, "Mama, an tura ni aikin unguwarzoma a wani ƙauye wai shi Hayin Gawo, sai ma an hau jirgin ruwa ake shiga," kin ga na yar da tsintsiya na shige ɗaki. Kika zaci nisa ne ya tayar min da hankali. Ba nisa ba ne. Hayin Gawo garinmu ne, a can aka binne cibiyata. Jirgin da za ki hau na gidanmu ne. Tsohon da za ki gani a bayan jirgin riƙe da gora yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne Kawu Sale da kuke jin sunansa, wanda na bar ku kuna zaton direba ne. Tun kuna ƙanana nake ce muku mu mutanen wajen Shendam ne, in kun ƙara tambaya in ce ku tashi ku ba ni wuri. Da na gaya wa babanku inda aka tura ki, bai ko ɗago daga kan keken ɗinkinsa ba, ya ce, "Maman Nasiru, inda kika ƙi zuwa ne aka aika 'yarki."

Bari in fara da jirgin, don ki san abin da za ki taka.

Kakana Audu masunci ne, bin kifi ya kai shi wannan kogi. A lokacin babu kowa a hayin sai 'yan gidajen manoma. Kasuwa tana wannan gefe, su suna wancan, in damina ta yi ƙarfi doyarsu a hannunsu take lalacewa. Wata rana wasu mata suka roƙe shi ya ƙetare da su da kwandunansu a ɗan kwalekwalensa na kamun kifi. Ya ƙetare da su. Washegari suka dawo da wasu. Kafin ruwa ya janye ya rataye komarsa, ya sare wani ƙaton maɗaci ya fafe shi, ya zama mai fito. Ya kafa bukka a gindin wani gawo a can hayi, garin ya ci sunan har yau.

Jirgin nan na farko yana da tsaga ta baya, daidai inda mai gora yake tsayawa. An toshe da tsumma da ƙaro, bai daina yoyo ba. Saboda haka kakata ce take zama a wurin da ƙoƙon duma tana kwarfe ruwa. Wata rana wani fasinja ya ji tausayinta ya ce ta kawo ya taya ta, Kaka Audu ya hana. Ya ce baƙo zama ya shigo yi, kwarfa ta 'yan gida ce. Daga nan abin ya zauna mana. Duk wanda jinin Audu ke jikinsa, namiji ko mace, in zai shiga jirgi sai ya tuɓe takalmi tun a kan yashi, ya wuce fasinjoji, ya je can baya kusa da mai gora, a miƙa masa ƙoƙo. Ko jirgin a bushe yake sai ya kwarfa ko sau ɗaya ne. Da haka mutanen kwata suke gane ɗan gida, kwata kuwa ita ce wurin da jirgi ke tsayawa. A can ba a tambayar mutum ɗan wane ne, hannunsa ake kallo.

Babana, Malam Idi, shi ya karɓi gora daga hannun Kaka. A zamaninsa kafinta ya haɗa masa babban jirgi na katako, wanda yake cin buhunan shinkafa da awaki da kekuna a tafi ɗaya. Amare sun ƙetare a cikinsa, gawa ma ta ƙetare. Ranar Lahadi masu zuwa coci sukan cika shi da gangunansu suna waƙa, in kuma lokacin salla ya riske su a kwata sai su zauna a inuwa su jira Baba ya idar, ba wanda ke cewa uffan. Akwai shekarar da aka kawo wani ƙaton jirgin ƙarfe mai ɗaukar motoci, mutane suka ce Malam Idi sai ya koma kamun kifi. Jirgin ƙarfen ya yi 'yan shekarunsa, injinsa ya mutu, ya kafe a yashi. Za ki gan shi ta hannun dama in kin sauka daga mota, an ce har yanzu mata suna shanya a kansa. Namu bai fasa fita ba ko yini ɗaya, sai in ruwa ya haukace, a jira ya lafa. Da Baba ya kwanta dama Yaya Sale ya karɓa, ya sa wa jirgin inji, yanzu har babura yake ɗauka. Amma ƙoƙon yana nan a baya. An canza duma ya fi a ƙirga, ba a canza wurin ajiye shi ba.

Wannan shi ne gidan da na fito, kuma shi ne gidan da na yi shekaru ina ɓoyewa.

Ni ce mace ta farko daga hayin da ta shiga sakandare. Baba ne ya kafe sai na je, duk da surutun da aka yi masa. Ina aji biyu Inna ta rasu wajen haihuwa. Naƙuda ta yi mata tsanani, babu asibiti a hayi, Baba ya ɗauko ta a jirgi ya ƙetare da ita, suka isa kwata babu mota. A nan kan yashi ta cika, ita da abin da ke cikinta. Daga ranar na tsani kogin. Na riƙa ganin kamar shi ya tsare ta. Ba ina gaya miki wannan don ki yi min uzuri ba ne. Yaya Sale ma uwarsa ce, kuma washegari ya ɗauki gora ya ƙetare da masu zuwa ta'aziyya.

A makaranta 'yan ɗakinmu 'ya'yan ma'aikata ne, wannan babanta akawu, waccan babanta malamin asibiti. Da aka tambaye ni sai na ce babana yana harkar sufuri. In Baba ya aiko min da busasshen kifi, a bakin ƙofa nake rabar da shi don kada akwatina ya yi ƙarni. Ban tsaya a kaina ba, na kai ƙaryar har kanki. Kina firamare aka ce ku rubuto sana'ar kakanninku, kika zo kina tambayata ina tsakar wanke-wanke, na ce ki rubuta ɗan kasuwa. Kika rubuta da kyakkyawan rubutunki, malama ta ba ki maki. Na sa ki yi ƙarya da hannunki, ni da nake zane ku in kun ce ba ku sha sukari ba alhali kun sha.

Don haka ki ji ni da kyau. Duk wanda ya tambaye ki asalinki, ki gaya masa kai tsaye, babanki tela ne a Anguwan Rogo, kakanki mai fito ne. Wanda zai raina ki saboda wannan, dama ba mutumin zama da shi ba ne. Kuma ƙaryar da mutum ya yi don ya ƙara tsayi, kullum sai ya yi mata wata. Na gwada, na sani.

Yanzu ga babban abin.

Shekara guda da aurena na tafi ganin gida. Babanku ya raka ni, tare da yayarsa Hajara, Allah ya jiƙanta, da wata ƙawarta. Babanku ya san ko wane ne Baba, don ya je ɗaurin aure. Amma Yaya Hajara abin da na gaya mata kawai ta sani, wai mahaifina yana da jirage da yaran da ke yi masa aiki. Na ci ado da leshi sabo, takalmi mai tsini, hannu ya sha lalle. Muka sauka a kwata da hantsi, ranar kasuwa, wuri cike da mutane.

Baba ya hango ni daga cikin jirgi. Ya diro cikin ruwa, wando a naɗe har gwiwa, rigarsa duk laka, yana dariya yana kira, "Kulu! Ku zo ku ga Kuluna ta dawo!" Kulu ake ce min a gida. Ya koma baya da sauri ya ɗauko ƙoƙon, ya ɗauraye shi, ya miƙo min da hannu biyu. Matan kwata suka ɗauki shewa, wata tana cewa, "Yau 'yar boko za ta kwarfa, mu ga ko Jos ta kashe mata hannu!" Wata har ta rangaɗa guɗa.

Yaya Hajara ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ke, wannan tsohon fa? Me yake miƙo miki, bara yake yi?"

Bilkisu, kalma biyu ce ta rage min in faɗa, babana ne. Ban faɗa ba. Na ce, "A bari, kayana za su jiƙe." Na shiga da takalmina, na zauna a bencin tsakiya cikin fasinjoji.

Hannun Baba yana nan a miƙe, ruwa yana ɗiga daga ƙoƙon. Sai babanku, mutumin da ko zaman jirgi bai iya ba, ya tuɓe takalmi, ya tattare kaftaninsa, ya bi ta tsakiyar mutane yana tangaɗi yana dafa kawunansu, ya je ya karɓa. Baba ya ce, "Malam Tela, ka iya kuwa?" Ya ce, "In an nuna min zan iya, Baba." Ya tsuguna yana kwarfa, rabin ruwan a kogi, rabi a cinyarsa. Mutane suka samu abin dariya, aka tura jirgi. Yaya Sale yana gaba riƙe da igiya. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

Baba bai taɓa yi min maganar ba. Ya sa aka yanka wa baƙi kaji, ya gaisa da Yaya Hajara da fara'a, ita ce ma ta rasa inda za ta sa kanta da ta gane ko shi wane ne. Ranar da za mu koma, muna isowa bakin jirgi ya riga ni shiga, ya cire hularsa ya goge min bencin tsakiya da ita, ya ce, "Zauna nan, nan ba ya jiƙa." Da marina ya yi da ya fi min sauƙi. A mota babanku ya ce, "Hauwa, kin san abin da kika yi kuwa?" Na ce, "Ƙoƙo ne fa kawai." Ya ce, "To."

Leshin nan ko shekara uku bai yi ba ya koɗe, na ba mai wanki. Yaya Hajara da na ji kunyarta, ita da kanta ta riƙa ba mutane labarin kirkin Baba har ta bar duniya. Ki duba abin da na saya da abin da na bayar. Saboda haka in wani naki ya miƙo miki abu a gaban mutane, ki karɓa da hannu biyu, ko mene ne, ko wa ke kallo. Farar rigar aikin nan da kike gogewa kina ratayewa kamar ta Idi, tufa ce kawai, sabulu yana wanke ta. Kada ki kuskura ki janye jikinki daga matar da ta zo haihuwa don ta taho daga gona da laka a ƙafa. Na san irin tsawar da wasunku suke daka wa mata a ɗakin haihuwa, ni ma an daka min. Idan na ji kin yi wa wata haka, ban yafe ba. Ki tuna kakarki a kan yashi ta cika don babu irinki a hayi.

Bayan wannan zuwan na riƙa ja da baya. Yau in ce Nasiru ƙarami ne, gobe in ce ciki gare ni. Ana nan wani direba da ke kawo doya Jos ya biyo ta shagon babanku ya ce Malam Idi ba shi da lafiya, yana ta cigiyata. Babanku ya ce in shirya. Na ce damina ce, kogi ya cika, a bari ruwa ya ja. Ki ji fa, ni 'yar mai fito, na fake da cikar kogi. Gaskiyar magana ita ce Salla ta matso, na saro atamfofi, mata suna ta shigowa, kuma ina jin nauyin sake tsayawa a kwatar nan. Na ce bayan Salla. Saƙo na biyu da ya zo, na rasuwa ne.

Kada ki taɓa cewa bayan Salla a kan mara lafiya. In an ce miki wane yana cigiyarki, ki ajiye abin da ke hannunki ki tafi. Ciniki yana dawowa. Na sayar da atamfofin nan kaf, yau ko kalar ɗaya ban tuna ba.

Na isa an riga an kai shi. Yaya Sale ne a kan jirgi. Na tsaya a yashi, na sunkuya na zare takalmi ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Bar takalminki, shiga tsakiya, can ba ya jiƙa." A lokacin ko Kano ban taɓa zuwa ba, balle Makka. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ubana ya mutu, na taho tun daga Jos ina kuka, shi ne za a tare ni da baƙar magana? Na mayar da takalmina, na shiga na zauna. Ƙoƙon yana gefen ƙafarsa. Muna tsakiyar ruwa ya ce, ba ni yake kallo ba, ruwa yake kallo, "Har ranar da ya daina magana, in ya ji ƙarar mota a kwata sai ya ce a duba ko ke ce." Na ce, "Ai ba a aiko min da wuri ba." Ya san ƙarya ce. Ya ci gaba da tura gorarsa.

Ranar sadakar uku matarsa Asabe ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Kulu, ke ma da taurin kai kike. Mutanen da ke jirgin sun ce da ƙafa ya turo ƙoƙon wajenki. Ba ki gani ba?" Na ce ban gani ba. Na gani, Bilkisu. Ya turo shi har ya bugi ƙafar bencin da nake zaune. Jira nake ya ɗauka ya miƙo min da hannu kamar yadda Baba ya yi, don in nuna ba ni na fara saukowa ba. Shi kuma ya ga abin da aka yi wa hannun Baba, ba zai miƙa nasa ba. Aka yi addu'ar bakwai na dawo Jos. Tun daga ranar ban sake taka yashin nan ba. A lokacin ko cikinki ban ɗauka ba, yau ga ki da takardar aiki.

Wannan ya fi na farko muni a wurina. Na farko yarinta ce da son burga. Na biyu da hankalina, ina uwar 'ya'ya, kabarin ubana ko bushewa bai yi ba. Don haka in kin ɓata wa mutum, kada ki tsaya auna yadda zai karɓe ki. Mai laifi ba shi ke zaɓar yadda za a yi masa magana ba. In ya yi miki gatse ki haɗiye. In ya turo miki sulhu da ƙafa, ki sunkuya ki ɗauka. Na ga wannan taurin kan nawa a jikinki, ranar da kika yi wata guda ba kya yi wa ƙanwarki magana a kan mayafi. Ki kashe shi tun yanzu, kafin ya girma ya ci miki shekaru.

Da waya ta zo, Asabe ce take kirana duk Salla. In mun gama gaisawa sai ta ce, "Ga Yayanki." Ya karɓa ya ce, "Hajiya, an yi Salla lafiya?" In ce lafiya lau. Ya ce madalla, ya mayar mata. Iyakarmu ke nan. A Sallar da ta wuce ta gaya min ana gina gada ƙasa kaɗan da kwata, ginshiƙai sun tsaya, ana cewa kafin wata daminar mota za ta hau. Gada alheri ce, ba zan ce ba alheri ba ce, da tana nan da wataƙila Inna ta isa asibiti. Amma 'ya'yan Yaya Sale babu mai son gora, ɗaya yana haya da babur, ɗaya yana garin Lafiya. Idonsa ma ya fara rauni. Ya gaya wa Asabe ranar da motar farko ta haye, zai ja jirgin kan yashi ya kife shi. In ya kife shi, babu sauran bayan jirgi, babu sauran wurin da mutum zai zauna a san ɗan gida ne. Kowa zai wuce ta sama a mota, mu da baƙi duk ɗaya. Ku kuma ku tashi ba ku da kowa ta wajen uwa, ba don mutuwa ta ɗauke su ba, sai don uwarku ta ƙi sunkuyawa.

Akwai kuma wani laifin nawa da zai iya cutar da ke yau. Saboda tsanar da na yi wa kogi, na hana ku kusantar ruwa. Ko kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, in na ji kun bi ta gefensu sai na zane ku. Hana ku shiga waɗannan ramuka daidai ne, amma ban nema muku inda za ku koyi iyo ba, ni da nake ƙetare kogi da hannuna tun ban yi wayo ba. Ga shi jikar Malam Idi za ta hau ruwa ba ta iya ko shure-shure ba. Saboda haka in akwai rigar ruwa a jirgin ki saka, kada ki ce za ta ɓata miki kwalliya. Kada ki miƙe tsaye in an tura jirgi, kuma ban yarda ki fito da waya kina ɗaukar kanki hoto ba. In kin zauna a garin, ki roƙi 'ya'yan Asabe mata su kai ki mashayar mata su koya miki. Ba abin kunya ba ne.

Sauran kin san su, amma sai na maimaita. Can ba Jos ba ce, zafi ne kamar a gasa mutum, rigunan sanyin da kika cusa a jaka wahala kawai kika ɗauka. Gidan sauro na sa miki a ƙasan akwati, ki ɗaura shi tun ranar farko. Ki tafasa ruwan sha. Salla a kan lokaci, aiki ba uzuri ba ne. Mutanen hayi akwai Musulmi akwai Kirista, jirginmu bai taɓa tambayar kowa ba kafin ya ɗauke shi, ke ma kada ki tambaya kafin ki duba. Duk namijin da ya tare ki da zancen so, ki nuna masa ƙofar gidan kawunki. Wannan kuwa sai in kin samu shiga gidan, shi ya sa nake so ki natsu ki karanta abin da ya rage.

Ban gaya wa Asabe kina zuwa ba, da gangan. In na faɗa, Yaya Sale zai tare ki da mutunci irin na baƙi, ya goge miki bencin tsakiya, shi ke nan an gama. Ba na son haka.

Mota za ta ajiye ki a kwata. Kada ki ba kowa labarin ko ke wace ce. In jirgi ya iso, ki bari fasinjoji su shiga, a loda kayanki. Sannan ki tuɓe takalminki a kan yashi, duka biyun, ki riƙe a hannu. Ruwa zai taɓa miki bakin siket, ki bar shi ya taɓa. Ki bi ta tsakiya a sunkuye kina dafa benci, ki wuce kowa, har ki isa baya. Za a ce miki, "Malama, ba a zama a nan." Kada ki tanka. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce, "Kawu, ina wuni." Ƙoƙon yana wajen ƙafarsa ta hagu. Kada ki jira ya miƙo miki. Ki sa hannu ki ɗauka, ki kwarfa, ko babu ruwa ki kankari katakon ki zubar a kogi.

Ban san abin da zai yi ba. Zai iya yin shiru har ku ƙetare. Zai iya gaya miki magana mai zafi, in ya faɗa tawa ce ba taki ba, ki karɓar min, kada ki ajiye ƙoƙon. In ya tambaye ki 'yar wace ce, kada ki ce Hauwa, kada ki ce Maman Nasiru. Ki ce 'yar Kulu ce.

Kuma ki gaya masa wannan, yadda na rubuta shi, kada ki gyara min. Ki ce Kulu ta ce ta ga ƙoƙon ranar nan, ta gan shi sarai. Ki ce tana tafe kafin a buɗe gada, ba bayan Salla ba, ƙarshen watan nan, babanku ya riga ya yi wa mai mota magana. Ki ce kada ya kife jirgin sai ta zo. Gwiwoyinta sun yi tsami, sanyin Jos ya cinye su, sai an kama ta za ta iya wucewa baya. Amma silifas za ta sako, mai saurin tuɓewa.

Allah ya kai ki lafiya, ya ƙetare da ke lafiya, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga matan hayi. Allah ya jiƙan Kaka Audu da Inna da Baba, ya yafe min abin da na yi musu. Allah ya yi miki albarka. In kin taka yashin hayi ki kunna wayar ki kira ni, tana hannuna. Abu ɗaya zan tambaye ki, ko Hajiya ya ce, ko Kulu.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Kulu